Gorar Maigida Tanko

Duk ranar da na shigo wurin aiki da gorata a kafaɗa sai in ga kuna kallon juna kuna danne dariya. Kowannenku da mitar awo a aljihu, ga tsoho ya taho da sanda kamar mai korar awaki. Wannan ba ya ɓata mini rai, don ni ma na yi wa gorar nan dariya tun gwiwoyina ba su fara ƙara ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne in ji ɗayanku yana cewa ai gini ba komai ba ne, in ka iya kwaɓa siminti ka iya ɗora bulo ka gama. Tunda motar yashi ba ta iso ba, bari in ba ku labarin gorar, da wani lungu da na gina da hannuna a nan Malanville.

Aikin farko da na taɓa a hannun Maigida Tanko katangar wani masunci ce a bakin kogi. Wancan lokacin, da laka muke gini. Tun da sassafe mukan shiga kwaɓi da ƙafa, muna tattaka laka da karan shinkafa, hazo na kwance a kan ruwa, jiragen masunta suna fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya ba ka jin ko motsin filafili. Daga can nesa gadar Gaya takan bayyana rabi, sauran rabin kamar ba a gama ta ba. Shekara uku na yi ina kwaɓi da miƙa tubali kafin ya yarda in riƙe cokalin gini. Kayan aikinsa ba yawa: cokali, igiya mai dalma a ƙasa don duba miƙewar bango, guduma, da gora guda wadda ba ya bari kowa ya zauna a kanta.

Tsawon gorar daidai yake da makarar masallacin unguwarmu, shi da kansa ya je ya auna ya yanke. Duk inda katangar da za mu yi ta haɗu da hanya, kafin a haƙa tushe sai ya kafa turaku, ya sa mutum biyu su ɗauki gorar a kafaɗa, ɗaya gaba ɗaya baya, su bi hanyar kamar masu kai gawa. In suka zo kwana gorar ta juya ba ta taɓa turke ba, a haƙa. In ta taɓa, a ja da baya ko mai gida zai yi kuka. Sauran dokokinsa biyu ne, ƙofa ta kalli inda mutane ke wucewa, kuma a yi mata dakali ko da na mutum biyu ne. Na taɓa tambayarsa me ya haɗa magini da gawa, alhali masu rai ke ba mu aiki.

Ya ce, "Idi, gida kowa na iya gina shi. Hanya ita ad da wuya. Inda makara ta wuce, ido ma na wucewa."

Na ce to, na ci gaba da kwaɓina. A raina na ɗauka irin maganar tsofaffi ce da ake ce wa to don a zauna lafiya.

Gidansa yana kan wata 'yar hanyar ƙafa da ta taso daga bayan kasuwa ta gangara zuwa mashigin jirage. Matarsa, Inna Hajo, a ƙofar gidan take tuyar masa. Mata masu albasa daga Garou, masunta, 'yan dako, duk ta nan suke bi, kuma ba mai wucewa bai tsaya ba. Ta san uwar kowa, ta san ranar sunan kowa. Ni kaina masarta ce ta raine ni shekarun koyo. Da ciwon ajali ya kwantar da Maigida, abu ɗaya ya roƙe ni, in riƙa duba ginin gidan in kuma duba matarsa da ke cikinsa. Ɗansu guda, Salifu, yana sana'ar ɗinki a Gaya. Bayan rasuwar na kwashi cokali da igiya da guduma, gorar kuwa na bar ta a rufin zaure inda ya saba soke ta. Lokacin na sayi mitata ta farko, ina ji da kaina.

Sai shekarar da kogi ya ci unguwar gangare. Gidajen laka suka narke kamar sabulu, gonakin shinkafa suka koma tafki, mutane suka kwashe zuwa tudu. Gidan Maigida ya tsaya don ya ɗaga tushensa da dutse. Ga kowa muguwar shekara ce, ga magina kuwa aiki ya yi mana yawa har muna gudun masu nema. Masu hali suka sayi filayen waɗanda suka tashi, aka kawo mai awo da takarda ya kafa turakun siminti. Kowa bulo yake so, da katangar da ta fi mutum tsawo, da ƙofar ƙarfe mai kallon sabon titi inda mota za ta shiga. Na gina gidaje a jere a ɓangarori biyu na hanyar Inna Hajo, dukansu sun ba ta baya. Ba ƙofa, ba taga, ba dakali. Ban ga laifin haka ba, abin da masu gida suka ce shi na yi.

Katangar Alhaji Sanda mai albasa ita ce ta ƙarshe. A takarda, kusurwar filinsa ta shigo cikin tsohuwar hanyar. Da na ja igiya na ga hanyar za ta karye ta yi gwiwa, kuma ta matse har mutum biyu sai sun karkata kafin su gifta juna. Na tuna da gorar. Wallahi na tuna, tana nan taku kaɗan daga inda nake tsaye. Amma ranar ina da wani aiki yana jirana a hanyar Guéné, kuma Alhaji yana tsaye a kaina da takardarsa. Na ce a haƙa. Katanga ta yi kyau, ta miƙe sambal, har wasu magina suna zuwa kallo. Daga baya ya sa na jera mata fasassun kwalabe a kai, da yamma rana na dukansu suna walƙiya kore da ruwan ƙasa, ni kuma ina jin daɗin aikina.

Ba a rana ɗaya lungun ya lalace ba. Da farko inuwa ce ta jawo samari, don a gwiwar nan rana ba ta sauka sai tsakar rana. 'Ya'yan waɗanda ruwa ya cinye wa gonaki ne, ba aiki, suka kawo tabarma da butar shayi. Ba wanda ya damu, fadar shayi ai ko'ina akwai ta. Amma fadar da ke ƙofar gida daban take da wadda ba mai ganinta. A ƙofar gida kawunka zai wuce, maƙwabciya za ta leƙo, dole ka ɓoye abin da ke hannunka. A gwiwa kuwa, wanda ke bakin kasuwa ba ya hango ta, wanda ke bakin kogi ba ya hango ta, a sama sai kwalabe. Sai ƙwaya ta shigo. Sai aka fara tare mata da rana tsaka ana kwance musu bakin zane, ana fizge wayar baƙo. Sukan ajiye mutum ɗaya a kowane baki na lungun, da an hango jandarma sai fito ɗaya, kafin a tako ƙasa daga mota wurin ya zama wayam. Mutane suka sa musu suna 'Yan Gwiwa. Babbansu wani dogon saurayi ne da ake kira Dogo.

Wata la'asar 'yan bayan tasha suka zo neman wurin, aka yi faɗa da wuƙaƙe a cikin lungun. Mako bai cika ba aka sari wani ɗan kabu-kabu a hannu aka tafi da babur ɗinsa. Daga nan ƙafa ta ɗauke. Masu albasa suka gwammace su zagaya ta titi da kaya a ka, ko da tafiyar ta ninka. Ƙofa ɗaya tak ta rage mai kallon lungun, ta Inna Hajo, tana ƙasa da gwiwar ta wajen kogi. Kullum sai ta hura wuta ta ɗora tanda, ta soya masa ta jera a faranti, ta zauna tana kora ƙuda har ta huce.

Abin mamaki, ita ba su taɓa taɓa ta ba. In Dogo ya zo wucewa sai ta kira shi da sunansa na yanka, Abdulkarimu ɗan Zali, ta tambaye shi ko ya karya. Ƙaton da jandarma ke nema sai ka ga ya sunkuyar da kai ya ɓoye hannu a baya. Wani lokaci ya karɓi masar, wani lokaci ya ce ya ƙoshi. Ta san su ne suka kore mata mutane, su ma sun san ta sani.

Salifu ya tsallako daga Gaya da niyyar tafiya da ita. Ya ce ya gyara mata ɗaki, ba zai bar uwarsa ita kaɗai a ramin ɓarayi ba. A gabana aka yi, don ni ya kira in taya shi lallashi, kuma da ya ce ramin ɓarayi ni ya kalla. Inna ta bar shi ya gama tsaf tana juya masa.

Ta ce, "Salihu, ta ƙohwag ga anka shigo da ni ina amarya. Ta nan za a hidda ni. Ban zuwa ko'ina."

Ya ce ya ba lungun zuwa ƙarshen damina, in bai gyaru ba ko tana kuka zai ɗauke ta. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Mutumin da ya koya mini sana'a ya bar mini amanar tsohuwa guda, ni kuma na gina mata abin da zai fitar da ita daga ɗakin mijinta.

Sau uku ina zuwa wurin Alhaji Sanda. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauka haka. Yakan sa a kawo mini ruwan sanyi, ya saurare ni har in gama. Na ce masa a sare kusurwar nan kamu biyu kawai, ido ya ratsa daga kasuwa zuwa kogi, in ya yarda kuma a huda ƙaramar ƙofa ta baya, aikin duka a kaina. Ya ce ni ma na san abin da ke bayan katangar, yaya zan ce ya buɗe musu ƙofa da iyalinsa a ciki. A zuwa na biyu ya ɗauko takardar fili ya shimfiɗa mini. A na uku ya ce in dai ina son taimakonsa, in ƙara wa katangar layi biyu. Na je wurin delege, mai unguwarmu, ya ce shi shawarar da ake ba shi ma ita ce a toshe lungun baki ɗaya. Na tambaye shi ta ina tsohuwar za ta riƙa fita, ya ce ai ɗanta na nemanta.

Da na rasa mafita, sai na koma ga dokar Maigida ta dakali. Dakalin da na yi a ƙofar Inna shi ne aikin da na fi yi da natsuwa a rayuwata. Na rushe ɗan ƙaramin na da, na yi dogo wanda zai ɗauki mutum shida, na goge shi da siminti har yana sheƙi, na yi masa majingina. Dakali kuwa ba ya tsaron komai in ba mai zama. Na bi tsofaffi uku da ke zaman hantsi a gindin masallaci, na yi ta zuga su da iskar kogi da masa mai zafi har suka yarda suka dawo can. Ni ma duk ranar da ba aiki can nake wuni. Muna zaune muna kallon ruwa ta ƙasan lungun, fararen balbelu na sauka a shinkafa, har inuwa ta juya. Masunta suka fara dawowa ta wajen kogi, suna saye suna komawa ta inda suka fito. Rabin lungun ya farfaɗo. Amma daga dakalin, idonka na kaiwa gwiwa sai ya tsaya a bangon da na gina, abin da ke bayansa sai dai ka ji. Wata rana muna zaune muka ji ihun mace, kafin tsofaffin ƙafafunmu su kai kwanar ba kowa sai takalmi ɗaya da albasa a warwatse.

Damina ta yi nisa, ruwa ya hau ya rufe bakin lungun na ƙasa har ƙirjin mutum, masunta suka koma wani mashigin. Salifu ya aiko cewa ranar kasuwa mai zuwa zai zo da mota. Inna kuwa ba ta ɗaure ko tsumma ba. Saura kwana biyu, da hantsi, Dogo ya zo har inda nake aiki. Ban taɓa ganinsa a fili cikin rana haka ba, sai na ga ashe yaro ne.

Ya ce, "Baba Idi, yau ba mu ji ƙamshin masa ba."

Na ajiye cokali. Na kira matan maƙwabtan titi suka shiga, suka same ta a kan shimfiɗarta, ƙullun masa na rufe a ƙwarya ya tashi.

Kafin azahar Salifu ya iso, jama'a suka taru, don duk wanda ya taɓa cin masarta ya zo. Aka ɗauko makara daga masallaci. Da aka zo gwiwa, masu ɗauke da ita suka tsayar da ita a tsaye suka wuce da ita, ba wanda ya kawo komai a ransa. Ni ina bayansu, na ga haka. Na san abin da ke zuwa.

Aka yi mata sutura, aka fito da ita ta ƙofar da ta ce. Mutum huɗu suka ɗauka, ana salati a hankali, muka hau lungun. A gwiwa makara ta tsaya. Na gaba suka karkata, ƙafar makara ta daki bango. Aka ja baya aka sake gwadawa, kai ya daki ɗaya bangon. A ɗaga sama, ga kwalabena. A koma ta ƙasa, ga kogi. Liman ya ce ba za a tsayar da mamaci a tsaye ba. Wani ya kawo shawarar a sauke ta a naɗe cikin tabarma a zagaya da ita kwanar, Salifu ya ce uwarsa ba buhun albasa ba ce. Muka tsaya cirko-cirko cikin zafi, mutane cike da lungun gaba da baya. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai tuna ina kallon layin simintin da ke tsakanin bulo, ina ganin yadda ya miƙe ba ko karkata.

Alhaji Sanda yana cikin waɗanda ke gaba, ya zo jana'iza kamar kowa. Ya matso ya dubi makarar, ya dubi kusurwarsa, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Malam Idi, ina gudumakka?"

Aka ja makara baya aka ajiye ta a kan dakali, ya ɗauke ta daidai kamar don ita na yi shi. Aka kawo guduma. Na yi sara uku bango ko gezau, ban taɓa sanin na yi ginin da ƙarfi haka ba. Sai na ji an zare gudumar daga hannuna. Dogo ne. Bai kalli kowa ba, ya shiga dukan bangon da ya yi shekaru yana ɓoye shi, abokansa biyu suna kwashe ɓaraguzai da hannu, kwalabe na zubowa suna yankarsu. Da kusurwar ta faɗi, ƙura ta lafa, sai haske ya ratsa lungun tun daga sama har ƙasa. Waɗanda ke bakin kasuwa suka hango kogi yana ƙyalli, mu kuma muka hango rumfunan albasa. Wani tsoho a bayana ya ce ashe kusa ne. Aka ɗauki Inna Hajo, makara ta juya ba ta taɓa komai ba.

Ba zan ce muku 'Yan Gwiwa sun shiryu ba. Wurin ne ya daina ɓoye su, ƙafa ta dawo, mata suka dawo da tallansu, Alhaji da kansa ya sa na huda masa ƙofar baya daga baya. Dogo yana dakon albasa yanzu, in mun haɗu yakan gaishe ni ya wuce da sauri. Wasunsu kuwa sun koma bayan wata doguwar katanga can wajen tasha, wadda wani magini ya gina, shi ma na tabbata ta miƙe sambal.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun watse, Salifu ya shiga zaure ya zaro gorar daga rufi. Ta yi baƙi da hayaƙin tuya, amma ba ƙura a jikinta, alamar ana goge ta. Ya miƙo mini da hannu biyu.

Ya ce, "Tun randa kunka hwara ginin lungun ga Inna ta ce in ka tambaya a ba ka. Ba ka taɓa tambaya ba."

Ita ce wannan da kuke wa dariya. Ga motar yashi can ta shigo, amma ba za a sauke ba tukuna. Mutum biyu su zo su ɗauka, ɗaya gaba ɗaya baya, a kafaɗa, ku bi turakun nan a hankali har ku sha kwana. In ta taɓa, a tumɓuke a ja baya, ni zan yi wa mai gida bayani.